Finafinan Kaboyi Da Kalmar "Mahaukaci": Wa Ake Wankewa, Wa Ake Tozartawa?

Duk wanda ya tashi a ɗaya daga cikin biranenmu a shekarun 1980 ba zai manta da yadda yara kan yi cincirindo a gidan mai akwatin talabijin ba, musamman ranar da za a nuna fim ɗin kaboyi. Ni ma da ni aka yi wannan zama. Ba ma jin Turancin da suke yi, amma mun san akta, mun san bos, mun kuma san cewa kafin a tashi sai bos ya sha ƙasa. A kwanakin baya na sake zama na kalli wasu daga cikin waɗannan shirye-shirye, wannan karon da kunnen mai nazarin harshe, sai na ci karo da wani abu da ƙuruciya ta ɓoye mini, wato yadda suke sarrafa batun taɓin hankali da na dukan mata.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin abu nake magana a kai. A shekarar 1959 kaɗai, shirye-shiryen kaboyi sama da 20 ne gidajen talabijin na Amurka ke nunawa da daddare. Gunsmoke, wanda ke ba da labarin Matt Dillon mai tsaron doka a garin Dodge City na jihar Kansas, ya shekara 20 ana nuna shi, daga 1955 zuwa 1975, kashi 635. Bonanza kuwa, labarin Ben Cartwright da 'ya'yansa maza a jihar Nevada, ya fara a 1959 ya ƙare a 1973. Abin da aka shekara da shekaru ana ɗura wa miliyoyin mutane kowane mako, ko shakka babu sai ya bar shaida a tunaninsu.

Mu fara da taɓin hankali. Kashi na ƙarshe na Bonanza, wanda aka nuna a watan Janairun 1973, labarin wani tsohon soja ne mai suna Tanner, wanda hankalinsa ya gushe, ya tsere daga kurkuku, ya shiga farautar Little Joe a daji kamar yadda maharbi ke bin barewa. Mai kallo bai samu damar sanin wannan bawan Allah a matsayin majinyaci ba, dodo kawai aka nuna masa, kuma da mutuwarsa labarin ya ƙare. Abin lura shi ne, a wannan watan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar janye sojojin Amurka daga Biyetnam, dubban matasa suna komawa gida da raunin da ido ba ya gani. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka sanya wannan ciwo na firgicin bayan bala'i cikin kundinsu. Kafin likita ya raɗa wa ciwon suna, talabijin ta riga ta raɗa wa mai ciwon: makashi. Alhali kuwa abin da masana suka tabbatar shi ne, mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cutarwa.

Sai batun dukan mata. Salon da na fi cin karo da shi a tsofaffin shirye-shiryen kusan iri ɗaya ne. Gona ce can nesa da gari, da miji mashayi mai zare ido, da mata mai kumburarriyar fuska wadda ba ta iya ɗaga kai. Jarumi zai biyo ta wurin a kan doki, ya ga abin da ke faruwa, a yi musayar wuta, mugu ya faɗi. Ina matar za ta nufa? Wa zai ci da 'ya'yanta? Yaya za ta yi da tsoron da ya zauna mata a zuci? Ba a tsayawa a kan wannan, domin lokacin shiri ya ƙare, mako mai zuwa kuma wani labari ne.

A nan ne, a tawa fahimtar, gizo ke saƙar. Sau da yawa mai dukan nan ana nuna shi ne da siffofin wanda ya zautu, har wani a cikin fim ɗin ya kira shi mahaukaci. Mu da muke nazarin harshe mun san cewa kalma ba ta tsayawa ga bayyana abu, hukunci take yankewa. Da zarar an ce mai dukan matarsa mahaukaci ne, an yi ɓarna biyu a lokaci guda. An sauke masa nauyin laifinsa, tun da ba a tuhumar wanda alƙalami ya sauka daga kansa. An kuma jingina zalunci ga marasa lafiya waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Mai kallo kuma ya tashi da natsuwar cewa mutum mai hankali da mutunci ba ya aikata haka.

Tarihin wancan zamani da finafinan ke ikirarin nunawa ya ƙaryata wannan. A 1860 wani limamin coci a jihar Illinois ya kai matarsa, Elizabeth Packard, gidan mahaukata na Jacksonville saboda ta saɓa masa a fahimtar addini, dokar jihar kuwa ta ba miji wannan dama ba tare da an saurari matar a kotu ba. Ta shekara uku a tsare. A 1864 masu taya alƙali yanke hukunci suka tabbatar da lafiyarta kalau cikin 'yan mintuna. Haka nan sai a 1871 kotunan jihohin Alabama da Massachusetts suka yanke cewa miji ba shi da ikon dukan matarsa. Ashe ke nan a zahiri mai zaluncin yakan kasance mutum ne mai hankali, mai kima a gari, doka ma tana bayansa, kalmar hauka kuwa a kan matar ake liƙa ta. Talabijin ta juya hoton ƙasa a sama.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, kuma ba a sa ran shirin da ba ya wuce awa ɗaya ya zama darasin likitanci. Gaskiya ne, kuma adalci ne a yaba musu da suka nuna dukan mace a matsayin abin kunya a lokacin da jama'arsu ke ɗaukarsa sirrin cikin gida. Sai dai shirin Deadwood, wanda aka nuna daga 2004 zuwa 2006, ya tabbatar da cewa ana iya faɗin gaskiya ba tare da an kori masu kallo ba. Tun a kashi na farko aka nuna Al Swearengen, mai gidan giya, ya taka wuyan Trixie, matar da ke ƙarƙashin ikonsa. Ba a nuna shi zautacce ba. Ɗan kasuwa ne mai lissafi, wanda garin ke damawa da shi, kuma babu wani jarumi da ya zo a kan doki ya cece ta. Wannan ya fi tayar da hankali domin ya fi kama da rayuwa.

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana a shafin nan shi ne, kuskuren da na gani a bakin kaboyi ina jin sa a bakinmu. In aka ce wane ya karya wa matarsa hannu, sai ka ji an ce, "Ai mahaukaci ne." In matar ta yawaita kai ƙara gida, sai a ce, "Ƙila iska ce ke damunta." Shi an wanke shi, ita an rufe mata baki. Ina kira ga marubutanmu da masu shirya finafinanmu da su kira azzalumi da sunansa, su kuma kira majinyaci da nasa. Na farko hukunci yake bukata, na biyu kuwa magani da tausayi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma kare mu daga zaluntar waɗanda Ya ba mu amana.