CAJIN WAYA BA DA IGIYA BA: YA KAI A SA KUƊI DOMINSA?

Wata magana ce ta yi yawa a bakin samarinmu, har ta fara taɓa aljihun iyaye da na 'yan'uwan da ke ƙasashen waje, shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗi namu. Yaro zai ce shi ba ya son waya sai wadda a ke ɗora ta a kan faifai ta sha caji ba a soka mata igiya ba. In an ce masa ga wata mai rangwame, sai ya yamutse fuska ya ce wannan ai ta mutanen da ce. To, bari mu duba ko abin ya kai a ƙara kuɗi dominsa.

Da farko dai sunan kansa akwai ƙari a ciki. An ce babu igiya, amma faifan nan da igiyarsa, kuma sai an soka ta a bango. Abin da aka rage kawai shi ne ɗan tsakanin faifai da waya. A cikin faifan akwai zaren jan ƙarfe a nannaɗe kamar gammo, a bayan wayar kuma akwai wani irinsa. In wuta ta bi gammon farko tana kai da komowa, sai ta ta da ƙarfin maganaɗisu, shi kuwa ya haifar da wuta a gammo na biyu, ta wuce cikin batir. Wannan hikima ba sabuwa ba ce. Wani Bature na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano ta tun 1831. Amma fa sai gammon biyu sun kusa haɗuwa kuma sun daidaita. In ka ɗaga wayar da tsawon ɗan yatsa, caji ya tsaya ke nan.

Wasu kamfanonin kayan lantarki sun kafa ƙungiya a 2008 domin su yarda a kan ƙa'ida guda, suka sa mata suna Qi. Nokia ta sa abin a Lumia 920 a 2012, Samsung ta sa a Galaxy S6 a 2015, Apple kuwa sai a 2017 da iPhone 8. Watau abin ya yi shekaru a kasuwa, an gwada shi an san halinsa.

Halinsa na farko shi ne ɓarnar wuta. Igiya tana kai wuta kai tsaye, faifai kuwa sai wani kashi ya zube a hanya ya zama zafi. A 2020 an yi gwaji a Amurka da wayar Pixel 4, aka ga faifai ya ci wuta fiye da igiya da wajen kashi 47 cikin ɗari kafin batir ya cika. In wayar ta ɗan karkace daga tsakiya, ɓarnar ta fi haka. Wani zai ce wutar waya guda ai ba ta taka kara ta karya ba, kuma gaskiya ne, ba ita za ta cinye kuɗin mita ba. Amma a tuna da fawa-banki, wanda da shi mu ke rufa wa kanmu asiri in an ɗauke wuta. Wutar da ke cikinsa a ƙidaye ta ke. Wanda ya ɗiba ta hanyar faifai ya yi kamar mai ɗebo ruwa da tulu mai yoyo.

Na biyu, jinkiri, kuma a nan ne maganar ta fi shafarmu. Faifai na yau da kullum yana ba da wat 5 zuwa 15. Sabuwar ƙa'idar Qi2 ta 2023, wadda ta kwaikwayi MagSafe na Apple na 2020, ta sa maganaɗisu ya riƙe wayar daidai a tsakiya, ta tsaya a wat 15, sa'an nan a 2025 aka ɗaga zuwa 25. Igiya kuwa, ko a wayoyi masu matsakaicin kuɗi irin na Tecno da Infinix, ana samun wat 33 ko 45. Mu da muka ga shekarun dumsor, musamman 2014 da 2015, lokacin da a kan ɗauke wuta yini da kwana a Nima da Sabon Zango da Kumasi, mun san darajar awa guda ta lantarki. In wuta ta zo ba ka san yaushe za ta koma ba, abin da ka ke bukata shi ne batir ya cika maza. Mai igiya ya gama ya kwanta, mai faifai yana nan yana leƙe.

Na uku, zafi. Batirin waya ba ya shiri da zafi, shi ke tsufar da shi da wuri. Turawan da suka ƙago faifan nan ɗakunansu da sanyi. Mu kuwa ɗakin kwano ne, a watan Maris ko hannu ka ɗora a tebur sai ka ji ɗumi. Waya mai hankali in ta ji zafi ya yi yawa ta kan rage gudun caji da kanta, sai jinkiri ya ƙaru a kan jinkiri. Ga kuma wani abu da masu talla ba su cika faɗi ba: wuta irin wannan ba ta ratsa bayan ƙarfe, don haka sai an yi bayan wayar da gilashi ko roba, kuma masu tsadar galibi gilashi ne. Waya ta suɓuce a tasha, fuska ta tsira, baya ya tarwatse. Ku tambayi masu gyara a Circle nawa a ke canja shi.

Sa'an nan waya a kan faifai ba a aiki da ita. Mai sana'ar tura kuɗi a bakin titi, da mai shago da ke amsa kiran masu saye, da hajiyar da ke magana da ɗanta na Jamus rabin awa, duk suna iya riƙe waya tana sha a igiya. A faifai kuwa da ka ɗauka an yanke.

Ba mu ce abin ba shi da amfani sam ba. Ramin caji yana cikin wuraren da ke saurin lalacewa a waya. Ƙurar hunturu ta kan cika shi, yara su kan fizgi igiya, har a wayi gari sai an tokare ta da littafi kafin ta kama. Wanda wayarsa ta ke da gammon nan, in ramin ya mutu yana da ƙofa ta biyu. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ko wanda hannunsa ke rawa, ajiye waya a faifai ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma jikan da ya saya wa kakansa irin wannan ya yi abin kirki. Haka direban da ke bin taswira a waya, mariƙi mai maganaɗisu ya kan hutar da shi. Waɗannan mun yarda. Amma su nawa ne cikin masu hayaniyar?

Ra'ayinmu dai shi ne kada kowa ya ƙara ko sidi guda a kuɗin waya domin wannan kaɗai. In ya zo a cikin wayar da ka riga ka zaɓa sabo da girman batirinta da ƙarfinta, madalla, ka karɓa. Da ma yana saukowa wayoyin talakawa sannu a hankali, Infinix Note 40 ta 2024 ta zo da shi. Kuɗin da za a ƙara, gara a sayi caja ta ainihi da igiya mai kauri da fawa-banki mai kyau. Tun ƙarshen 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta sababbin wayoyi su yi rami iri ɗaya, watau USB-C, har iPhone ta bi tun 2023, don haka igiya guda tana iya isar gida duka, a ara wa maƙwabci ma.

Wanda kuma ya riga ya sayi faifai, ga abin kiyayewa. A cire rigar waya in mai kauri ce. Kada a bar kwabo ko makulli tsakanin waya da faifai, gama ƙarfe ya kan ɗau zafi, kuma ba kowane faifai mai araha ne ke ganewa ya tsaya ba. A ajiye shi nesa da taga da rana, a bar shi domin cajin dare in wuta ta zauna. Da rana a koma wa igiya.

Wassalam.