Martani: Karen Kiwo Ba Abokin Wasan Yara Ba Ne

Malam, ka rubuta cewa karen kiwo asarar abinci ne, wai dila ya shiga garke, karen yana kwance a zaure yana barci. To, wa ya koya masa zaure?

Karen da zai tsare awaki tun yana kwikwiyo ɗan wata 2 ake ajiye shi a garke, ya kwana jikin 'yan akuya, ya saba da warinsu har ya ɗauke su danginsa. In yara suka ja shi cikin gida, wannan ya ɗauka, wancan ya miƙa masa ƙanzo, ai gida zai tsare.

A Namibiya, tun 1994 ƙungiyar Cheetah Conservation Fund take raba wa makiyaya karnuka irin na Turkiyya. Ba farauta suke ba. Kare yakan tsaya tsakanin garke da damisa ko dila, ya saki haushi, mafi yawanci maharin ya juya.

Batun addini da ka jefo kuwa, malamanmu na Malikiyya sun halatta ajiye karen kiwo, ka tambaya.

A ciyar da shi a garke, a yi masa rigakafin ciwon haukan kare, sannan ka zo mu yi lissafin asara.