Ina Irin da Kulob-kulob Ɗinmu Suka Ajiye?

Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da yayyenmu ma'aikata magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san waɗansu za su ce ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ta yaya mutum zai ɓata takarda a kan tamaula. To, su yi mini haƙuri su karanta, watakila su ga cewa maganar ta wuce ta wasa.

Ni mutumin Janfalan ne, a ƙasar Ikara. Duk wanda ya tashi a wajenmu, ko a Makarfi, ko a Kudan, ya san manomin rake ba ya sare gonarsa kakaf ya ɗora wa mota. Sai ya ware wanda zai zama iri. Haka mai tumatir, sai ya yi yayyafi a ɗan ƙaramin wuri, ya yi ta ban ruwa yana kiwonsa kamar jariri, sa'an nan ya cire ya dasa. Wanda ya ƙi yin haka, in lokacin shuka ya zo sai ya shiga kasuwa ya sayi abin da wani ya raina, a farashin da mai shi ya ga dama. Abin mamaki, wannan ilmin da kowane tsoho a ƙauyenmu ya haddace, shi ne ya gagari yawancin masu riƙe da manyan kulob-kulob na ƙwallon ƙafa a Arewa.

Irin kulob kuwa shi ne rukuninsa na biyu, watau samarin da ke koyon wasa a ƙarƙashin manya, suna cin abincin kulob, suna sa rigarsa, suna jiran ranar da za a ce wane ya ji rauni, kai fito. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988, kana ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, a cikinta Daniel Amokachi ya fito yana ɗan yaro matashi. Kafin ya cika shekara 18 ya riga ya buga wa Nijeriya a gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, a shekarar kuma ya tafi Club Brugge ta Beljiyam. Garin Kaduna ɗin nan dai shi ya haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Ke nan ƙasar ba ta rasa albarka ba. Masu ban ruwa ta rasa.

Dubi abin da wani ɗan kasuwa, Kunle Soname, ya yi a Ikenne ta Jihar Ogun, garin da bai kama ƙafar Zariya ba wajen girma. Yana da Remo Stars, a gefenta ya kafa makarantar horon yara mai suna Beyond Limits, ga kuma kulob ɗin mata, Remo Stars Ladies. A 2024 yaran nan na Beyond Limits suka je Italiya suka ɗauko kofin Viareggio, gasar matasa da manyan kulob-kulob na Turai ke tura 'ya'yansu. Shekara guda bayan haka, a 2025, Remo Stars ta zama zakaran ƙasa karo na farko. Ba tsafi ya yi ba. Mutum ne da ya san kuɗinsa yake kashewa, saboda haka ya gwammace ya raini yaro ya sayar da tsada, da ya sayi tsohon ɗan wasa ya sallame shi bayan wata tara.

A nan ne gizo ke saƙar. Yawancin kulob-kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne. Shugaban da aka naɗa bai san ko zai kai baɗi a kan kujerar ba, kocin ma in ya sha kashi sau uku a jere an kore shi. Wa zai shuka abin da sai bayan shekara biyar za a girbe? Sai kowa ya ruga kasuwa a farkon kaka, a kwaso 'yan wasa daga ko'ina, a ƙarshen kaka a watse, a sake sabon lale. Ban ce babu abin yabo ba. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta ci kofin ƙasa a 2008, ta kuma jera shi a 2012 da 2013 da 2014, Kaduna United kuwa ta doke Enyimba a bugun fanareti ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Amma kulob mai irin tarihin Pillars ya faɗa rukuni na ƙasa a 2022, ko da yake ya farfaɗo a 2023, wannan ya isa ya sa mai hankali ya tambayi abin da ke ƙarƙashin ginin. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a rigar Pillars kafin ya tafi Holan a 2010, a Jos aka raine shi. An naɗa shi babban manajan kulob ɗin a 2025, ina kuwa fatan ya tuna cewa da ba a sami masu rainonsa ba, da ba mu san sunansa ba.

Wanda ke biyan kuɗin wannan sakaci shi ne yaron ƙauye. Ina da wani ɗan'uwa wanda duk yankinmu an san ƙafarsa ta hagu. Da ya ga babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai ya faɗa hannun wani dillali da ya ce zai kai shi gwaji ƙasar waje. Mahaifinsa ya sayar da bijimin nomansa. Yaron ya yi wata biyu a wani masauki a Legas, dillali ya kashe waya, ya dawo gida da kuɗin motar da ya roƙa. Yau yana tura baro a kasuwar rake. Da akwai rukuni na biyu na gaskiya a Kaduna ko Zariya, mai aiko da mutum ya kalli wasannin Ikara da Makarfi da Hunkuyi, da aƙalla wanda ya san aikin ne zai ce masa ya iya ko bai iya ba, kuma ba sai an sayar da sa ba.

Yanzu bari in taɓo inda na san za a yi mini ca, watau maganar mata. A watan Yulin 2025 muka cika ɗakin kallo muna ihu sa'ad da Super Falcons suka farke ci biyu suka doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Da aka tashi sai na tambayi abokina ko zai bar ƙanwarsa ta buga ƙwallo. Ya dube ni kamar na zage shi. Ashe muna son tuwon, ba ma son a ce daga gonarmu aka samo hatsin. Duba jerin zakarun gasar mata ta ƙasa: Pelican Stars ta Kalaba, Rivers Angels, Delta Queens, Bayelsa Queens, Edo Queens, har da Nasarawa Amazons ta Lafiya a 2013 da 2017. Ba za ka ga Kano ko Kaduna ko Katsina ko Sakkwato ba.

Ba na raina damuwar iyayenmu, domin ni ma ina da ƙanne mata. Suna tsoron tsiraici, suna tsoron cuɗanya da maza, suna tsoron yarinya ta yi nisa da gida a hannun wanda ba su sani ba. Duk waɗannan abin tsoro ne, na ƙarshen ma ya fi. Sai dai kowannensu yana da magani. Tun 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka halatta rufe kai a fili, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, duniya na kallo. Makarantun sakandare na 'yan mata suna da filaye a cikin katanga. Jami'o'i da kwalejojin ilmi suna yaye mata masu shaidar koyar da wasanni da kiwon lafiya, da yawansu suna zaune babu aiki. In mace ce koci, mace ce mai kula, fili a killace, iyaye mata su ne 'yan kallo, me ya rage na ƙorafi in ban da cewa ba mu saba ba? Turawan Ingila ma da ba su saba ba, sun hana mata wasa a filayen hukumarsu daga 1921 har 1971, alhali a 1920 mutum wajen 53,000 suka taru a Goodison Park kallon wasan mata. Shekara hamsin suka yi asara kafin su gane.

Ko ba mu so ba ma, doka ta riga ta iso. Ƙa'idojin lasisi da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta fitar a 2022 sun wajabta wa kulob ɗin da ke son shiga gasanninta ya mallaki ƙungiyar mata, ko ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da wata. Abin da nake gudu shi ne halinmu na cika takarda: a nemo wata ƙungiya a nesa, a sa hannu, a ɗauki hoto, a kai fayil, 'yan matan kuwa ko takalmi ba su gani ba.

Saboda haka, yayyena ma'aikata, musamman ku da ke ma'aikatun wasanni da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ku ne ke rubuta daftarin kasafin da manya ke sa wa hannu. Ku ware wa rukuni na biyu da ƙungiyar mata layinsu dabam, yadda ba za a karkatar da kuɗin a sayo ɗan wasan gaba a tsakiyar kaka ba. A sa yaran su riƙa buga wasan share fage kafin manya su fito, tun da fili da alƙalan wasa da 'yan kallo duk suna nan. A yi wa kowane yaro rajista da shekarunsa na gaskiya, a kuma sa sharaɗin cewa wanda ya bar makaranta ya bar kulob. Ikara da Makarfi da Kudan suna kusa da juna, kuɗin mota ba zai hana su haɗa gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ba, wadda za a gayyaci masu horarwa daga Kaduna da Kano su zo su zaɓa a wasan ƙarshe.

Mu ɗalibai kuma namu ya fi sauƙi. In an yi hutun ƙarshen zango, ni da abokaina uku daga yankinmu mun yi shawarar mu rubuta sunayen ƙungiyoyin unguwa da ke garuruwanmu, da shekarun yaransu, mu kai wa jami'an wasanni na ƙananan hukumomin uku. Wata 'yar ajinmu ta ce ita za ta je wa shugabar makarantar 'yan matan da ta gama da maganar. Duk ɗan Ikara ko Makarfi ko Kudan da ke son sa hannu, ya bar sunansa a ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin a fara jarrabawa.