Tsakiya, Lantana da Murjani: Ina Sunayen Duwatsun Adonmu Suka Tafi?

A lokacin da nake tattara kalmomin adon mata don kundin digirina na biyu, na yi makonni a Kademi ta ƙasar Gaya, garin kakata ta wajen uwa. Wata rana da la'asar ta jawo adudunta, ta kwance ƙullin wani tsumma, ta zube mini duwatsu uku a tafin hannu: ɗaya ja mai ratsin fari, ɗaya ja wur marar sheƙi, ɗaya kuma mai kusurwa uku da huda a samansa. Ta ce, "Maigida, ka zo a makare. Da tsinke guda ne, na gada wajen innata. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya bi gari, na sayar aka yi wa ƙanwarka kayan ɗaki." Na tambaye ta sunayensu, ta lissafa ba tare da tunani ba: tsakiya, lantana, talhatana. Da na juya ga jikokinta mata da ke zaune a tabarmar, dukansu sun yi makaranta, amsarsu guda ce: "dutsen wuya".

Wannan zama shi ne mafarin ra'ayin da nake son gabatarwa ga manazarta Hausa. Muna gab da rasa wani rukuni na kalmomi tare da ilimin da ke cikinsu, kuma hanyar da muke bi wajen cike giɓin, wato ɗora kalmar lu'ulu'u a kan kowane dutse mai tsada ko ɗauko sunan Ingilishi a lanƙwasa shi, tana ƙara binne abin da ya rage.

Mu fara da lu'ulu'u. A Larabcin da muka aro kalmar, tana nufin ƙwayar da ke samuwa a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo, kuma da wannan ma'ana ta zo a Suratur Rahman tare da murjani da yaƙutu. Amma a labaran rediyo da jaridun yau, da ita ake fassara daimon. Tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu babba ce. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya kartar wani, daimon ne a mataki na 10, alhali ƙwayar lu'ulu'u ba ta wuce 4 da rabi, har wuƙa tana iya kartar ta. Ɗaya ana haƙo shi daga ƙasa, ɗaya ana nutso a ciro shi daga teku. Harshen da ya bambanta gero da maiwa da dauro bai cancanci a tilasta masa kiran waɗannan biyu da suna ɗaya ba.

Sauran kalmomin aron ma kowace da iyakarta. Yaƙutu, a wajen masana duwatsu na duniyar Musulunci irin su Albiruni a Kitabul Jamahir da Attifashi (ya rasu 1253) a Azharul Afkar, suna ne na dangi guda mai ja da shuɗi da rawaya. Kimiyyar zamani ta gaskata su: abin da kasuwar duniya ke kira rubi da safaya ma'adini ɗaya ne mai tauri 9, ɗan gurɓin wani ƙarfe a cikinsa ne ke sauya launin. Zumurrudu kore ne, taurinsa tsakanin 7 da rabi zuwa 8, kuma kusan kullum da 'yan tsage-tsage a cikinsa, shi ya sa yake saurin fashewa duk da taurin. Murjani kuwa ƙashin wata halittar teku ce. Jan da matan Hausa suka sani daga Bahar Rum yake fitowa, ya keto Sahara a kan raƙuma. Laushi gare shi, turare da zufa suna dushe shi.

Waɗannan sun shigo ta hanyar littafi da zaure. Akwai kuma rukuni na biyu, wanda ya rayu a kasuwa da ɗakunan mata, kuma shi ne ya fi shiga haɗari. Tsakiya dangin ƙanƙarar dutse ce, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, taurinta kusan 7, tana kartar kwalba. Larabawa na kiran irinta aƙiƙ. Garin Kambat na Gujarat a Indiya ya daɗe yana gasa wannan dutse a tukwane don janta ya fito, a fere shi, a huda, a tura Afirka. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin da dutsen da yake samowa daga Barazil, daga baya kuma masana'antun Turai suka cika kasuwa da kwaikwayonsa na gilashi. Talhatana, wadda Buzaye ke da irinta, ta bi wannan hanya. Tonon da aka yi a Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, na Palmer a 1907 da na 1992, ya nuna tsufan al'adar: a tonon na biyu an sami duwatsun ado na jan aƙiƙ da na gilashi tare da zinariya da tagulla a kaburburan manyan da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin jihadi.

Lantana ta fi ba ni mamaki. Jan dutse ne marar sheƙi da ake samowa a yankin Kirtashi, bakin kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar ta yau. Fataken Hausa ne suke kai shi Tsohuwar Oyo, daga baya Ilori, inda masu sana'ar suke hudawa da gogewa, har ya isa fadar Binin. Ann O'Hear ta yi rubutu a kan wannan sana'a a mujallar African Arts a 1986, kuma sunan da masanan waje suke kiran dutsen da shi har gobe shi ne na Hausa. A gida kuwa, Lantana ta zama sunan mace kawai. Kaɗan ne daga masu sunan suka san daga dutse aka samo shi, kamar yadda aka samo Murja daga murjani. Ita tsakiya ma ƙa'idar rubutunmu ta ƙara mata rauni: tun da ba ma nuna tsawon wasali da karin sauti, ɗalibin da ya gamu da ita a tsohon rubutu zai ɗauka tsakiyar abu ake nufi.

Sunan ba shi kaɗai yake tafiya ba, da gwaji yake tafe. Kakata ta nuna mini yadda ake kara dutse a kumatu: na gaske yakan daɗe da sanyi, gilashi yakan yi ɗumi nan da nan. Ta ce a ɗaga shi a rana, in an ga ƙananan kumfa a ciki ko layin haɗi a gefe, zubi ne. A duba bakin hudar, tsohon dutse zare ya cinye shi ya yi sumul. A auna shi a hannu, roba ba ta da nauyi. Duk waɗannan gwaje-gwaje ne da masanin duwatsu zai amince da su a matakin farko. Wadda ta san suna da gwaji tana iya yin ciniki. Wadda ba ta da komai sai "dutsen wuya" abin da aka taya shi za ta karɓa. Christopher Steiner ya nuna a littafinsa na 1994 yadda dillalan Hausa a Abijan suke tsaye tsakanin ƙauyukan Afirka ta Yamma da masu tara kayan tarihi na Turai da Amurka. Ban ga laifin mai saye ba, sana'arsa ce. Abin dubawa shi ne ilimin ya koma hannun mai saye, mai sayarwa ta rasa shi.

Za a iya cewa wannan kewar da ce kawai, kuma matsalar yau tana ramukan haƙa: safaya a Mambila da ƙasar Jama'a, zumurrudu da ɗan'uwansa mai launin ruwa a Nasarawa Eggon da Gwantu, tomalin a Kafi da Oyo. Masu haƙa da dillalai da yawa da Hausa suke ciniki, kuma sunayen da mai saye na Bankok ya sani su ne za su kawo musu kuɗi. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kiran a kori "tomalin" ko "safaya". Aro ba aibi ba ne. Yaƙutu ma aro ne. Inda na saɓa shi ne a ce tsarin Turai shi ne kimiyya, namu kuwa al'ada. Rabon duwatsu gida biyu, masu cikakkiyar daraja (daimon, jan yaƙutu, shuɗin yaƙutu da zumurrudu) da masu rabin daraja, hukuncin kasuwa ne. Dutsen nan mai ruwan shanshanbale da ake kira ametis yana cikin manya har sai da aka same shi da yawa a Barazil a ƙarni na 19, farashinsa ya faɗi. Ƙungiyar masu kayan ado ta duniya, CIBJO, ta ma hana amfani da lafazin rabin daraja saboda yana ruɗarwa. In muka fassara wannan rabo zuwa littattafan makarantunmu, za mu koya wa yara cewa abin da kakanninsu suka shiga kabari da shi na baya ne, bisa ma'aunin da masu shi suka ajiye.

Shawarata ga sassan Hausa uku ce. Na farko, a bi ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, a tsamo duk kalmar da ta shafi dutsen ado, a ga wadda ta faɗi a hanya. Na biyu, a fita da wannan jeri zuwa ga tsofaffin mata da dillalai da 'yan kolin Kasuwar Kurmi, a ɗauki hoton kowane dutse da sunansa da gwajinsa, da abokin aiki daga sashen nazarin ƙasa da zai faɗi ko wane ma'adini ne. Na uku, sai bayan haka a zauna batun daidaita kalmomi: a bar lu'ulu'u ga na teku, a amince da daimon, a yi aro inda babu suna. In aka fara da teburin ƙirƙira, za a yi wa mai suna sabon suna.

Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka bi tama har Dutsen Dala, suka zauna. Mutanen da suka gane dutsen ƙarfe da ido, suka bambanta tama da kuza da kwalli da kanwa, ba baƙi ba ne a ilimin ma'adinai. Kakata ta mayar da duwatsunta uku cikin tsumma ta ƙulle, ta ce in na gama karatun in zo in karɓi ɗaya. Na rubuta sunayen uku a littafina. Na tsinken da aka sayar, ta tuna biyu, sauran sun ɓace mata.