RA'AYINMU: Ikon Cire Jakada Ba Na Son Zuciya Ba Ne

Sashe na 171 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa jakadu da kuma cire su. Wajen naɗi sai Majalisar Dattawa ta amince, amma wajen cirewa dokar ba ta ce ya shawarci kowa ba. Shin wannan yana nufin duk abin da ya yi daidai ne? Mu a namu ganin, a'a.

A ƙasar Amurka, Shugaba Donald Trump ya janye jakadiyar ƙasarsa a Yukren, Marie Yovanovitch, a watan Mayun 2019. Babu wanda ya musa cewa yana da wannan iko. Abin da aka yi ta muhawara a kai shi ne dalilinsa, domin an zarge shi da kawar da ita don biyan buƙatarsa ta siyasa. Batun ya shiga binciken da ya sa Majalisar Wakilai ta tuhume shi da wuce gona da iri a watan Disamban shekarar, ko da yake Majalisar Dattawa ta wanke shi a Fabrairun 2020.

A nan gida, Shugaba Bola Tinubu ya kira jakadun Nijeriya su dawo a watan Satumban 2023, kuma sai a ƙarshen 2025 ya aika wa majalisa sunayen sababbi. Fiye da shekara biyu masu riƙon ƙwarya ne suka riƙa kula da ofisoshinmu.

Kada mutumin Gantsa ko wani ƙauyen Buji ya ɗauka wannan maganar Abuja ce kawai. Riɗi da zoɓon da ake nomawa a Jigawa ƙasashen waje ake kai su. Ɗanka da ke karatu ko neman abinci a ƙetare, in ya shiga matsala, ofishin jakada zai nufa, kuma mai riƙon ƙwarya ba ya da bakin magana kamar cikakken jakada.

Saboda haka muna kira ga duk shugaban da zai cire jakada ya bayyana wa jama'a dalili, ya kuma naɗa wani ba da ɓata lokaci ba. Sanatocin Jigawa su ma su riƙa tambaya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Cire jakada don ya ƙi bin son zuciyar shugaba cin amanar ƙasa ne, ko da doka ta yi shiru.

Allah ya sa a gyara.