Masarautar Gumel: Kafin a ɗauki hoton zuciyar jariri, wa zai fara gane ciwon?

Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haihuwarsa da nakasa a zuciya. Wannan ƙiyasi na duniya bai tsallake Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ba. Bambancin yana wajen ranar da ake ganewa.

Akwai nau'in da manyan jijiyoyi biyu masu fita daga zuciya ke musayar gurbi. Tiyatar gyaransa, wadda Adib Jatene ya fara cin nasararta a Brazil a 1975, ana so a yi ta cikin makonni 2 zuwa 3 na farko. Wato ranar suna, an riga an ci kaso mai tsoka na wa'adin. Mafi wuyar aikin shi ne cire ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyar a sake dasa su, alhali kaurinsu milimita 1 zuwa 2 ne kacal, kuma ba kowane jariri ne nasa ke bin hanya ɗaya ba. Dole likita ya san inda suka bi kafin ya ɗauki wuƙa.

Da hoton eko ake farawa. Idan bai nuna sosai ba sai CT, kuma ba kowace CT ba: zuciyar jariri na bugawa sau 120 zuwa 160 a minti, don haka sai na'ura mai sauri, da ƙwararren da zai karanta hoton.

'Yan siyasa na son yanke ƙyallen buɗe irin wannan na'ura. Amma jaririn da aka haifa a gida a ƙauyen Gagarawa, leɓensa ya yi shuɗi, yana kasa shan nono, sau da yawa sanyi ake zarga. Kafin a kai shi Gumel, a tura shi Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, makonnin sun tafi.

Alhali 'yar na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a ƙafar jariri bayan awa 24 da haihuwa tana bankaɗo da dama daga cikin munanan nau'o'in, kuma ba ta kai farashin babur ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko. Ya kamata wakilan ƙananan hukumomin nan 4 a majalisar jiha su faɗa mana: ɗakunan haihuwa nawa ne ke da ita, kuma idan ta nuna matsala, wa zai biya kuɗin mota zuwa Kano?