Jinya Daban, Cincirindon Dubiya Daban: Idan Korona Ta Kwantar Da Ɗan'uwa A Gida

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, mai yiwuwa wani ya ce me ya kawo maganar korona yanzu, alhali kuwa tun ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin da ta sanya a kanta. Haƙiƙa an ɗage dokar, amma cutar tana nan tana yawo cikin mutane kamar mura, kuma tana kayar da tsoho da mai ciwon sukari da mai hawan jini. Abin da ya canza shi ne cibiyoyin killacewar da aka buɗe a 2020, irin wadda aka yi a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, sun zama tarihi. Wanda ta kama yau, galibi a ɗakinsa zai kwanta, kuma iyalinsa ne likitocinsa na farko. Saboda haka tambayar ta dawo kanmu: mun iya jinyar nan kuwa?

Ba mu manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da masu haƙa kabari a Kano suka fara kokawa da yawan gawawwakin da ake kawo musu. A watan Yuni na wannan shekarar Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Mafi yawansu dattawa ne, da yawa kuma a gida suka cika. A cikinsu akwai malamai da masu faɗa a ji waɗanda har yau ba a cike gurbinsu ba. Allah Ya jiƙansu. Ajali ne, babu shakka. Amma imani da ajali bai taɓa sauke wa mai jinya nauyin da ke kansa ba.

Kuskure biyu muka gani a gidajenmu, kuma kowannensu yana fakewa da addini ko da hankali. Na farko shi ne cincirindo. Da an ji cewa Malam ba ya jin daɗi, sai zaure ya cika da takalma. A shiga ɗaki ɗaya mai 'yar taga a rufe, a zauna kafaɗa da kafaɗa, a yi musafaha, a sha ruwa da moda ɗaya, mara lafiya yana tari ana ce masa sannu, a kwashe sa'a guda ana hira. Kowa ya fita yana ganin ya raya sunna. Kuskure na biyu kishiyarsa ne: a ji sunan cutar sai a tsere, a turo wa bawan Allah kwanon abinci ta ƙarƙashin labule kamar mai laifi, ko kuwa a ɓoye lamarin gaba ɗaya don kada unguwa ta ce gidan wane akwai korona.

Dubiyar mara lafiya haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba mu jayayya da wannan. Amma malaman fiƙihu da suka rubuta ladubbanta sun yi sharaɗin a taƙaita zama, kada a takura majinyaci, domin manufarta ita ce sauƙaƙa masa. Ita kuwa wannan cuta a numfashi take tafiya. Mai ɗauke da ita yana fitar da ƙwayoyinta idan ya yi tari, ko magana, ko ma numfashi kawai, su kuma su taru a iskar ɗakin da babu mashiga babu mafita. Wanda ya zauna a ciki ya shaƙa, ya koma gida ya kai wa tsohuwar mahaifiyarsa. Ina ladan dubiyar da ta zama sanadin jana'iza a wani gida?

Wani zai ce ai wannan raunin tawakkali ne. To, ba mu fi sahabbai tawakkali ba. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham. Sayyidina Umar (R.A.) yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai labari ya riske shi. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, aka saɓa, daga ƙarshe ya yanke cewa a juya. Abu Ubaida (R.A.) ya nuna masa cewa wannan kamar gudun ƙaddara ne, shi kuwa ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa, ai cikin ƙaddarar Allah ya yi. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W.), wanda ma'anarsa ita ce na waje kada ya shiga ƙasar da annoba ta sauka, na ciki kuma kada ya fita da nufin gudu. A duba yadda umarnin nan ya rufe ƙofofi biyu lokaci guda. Rabinsa na farko ya hana cincirindo. Rabinsa na biyu kuwa, daga cikin hikimominsa da malamai suka ambata akwai cewa idan masu lafiya suka watse, wa zai shayar da marasa lafiya ruwa, wa zai yi musu sutura in sun cika? Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) duk a cikin wannan annoba suka rasu, kuma masu tarihi sun kawo cewa ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi (R.A.) ya umarci jama'a su rarrabu cikin duwatsu.

Abin da muke kira gare shi ke nan: ɗaki ɗaya, mai jinya ɗaya. A nan gidan da ke da mata fiye da ɗaya yana da matsala ta musamman, domin maigida yakan ga cewa adalci shi ne ya ci gaba da zagaya ɗakuna ko da yana rawar ɗari, sai ya raba cutar daidai wa daida tsakanin matansa da 'ya'yansu. Alhali kuwa a rashin lafiyarsa ta ƙarshe Annabi (S.A.W.) ya nemi izinin matansa a yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha (R.A.), suka kuma yarda. Ga mafita a sarari. A nemi izini, a zauna wuri ɗaya, in an warke a daidaita lissafin kwana cikin yardar juna. Amma a lura da wanda za a zaɓa. Al'adarmu ita ce tsohuwar gida ce ke zama a gefen shimfiɗa, ita ce kuwa mafi haɗari a gidan duka. Haka mai juna biyu, da mai sukari, da mai asma. A samu matashi mai ƙoshin lafiya, wanda ya yi rigakafi in da hali. Kuma samarinmu su sani cewa kwashe fo da wanke tufafin uba ba aikin mata ba ne kaɗai; biyayyar iyaye ce tsantsa.

Ɗakin ya zama mai iska. Wannan shi ne abin da ya fi wuya a karɓa, musamman da hunturu, lokacin da ake toshe kowace kafa da tsumma a kuma shigo da kaskon gawayi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mai lafiya ma, balle wanda huhunsa ke fama. Turaren wuta da hayaƙin da ake yi da sunan magani su ma a dakatar da su. A rufa wa majinyaci bargo, a buɗe taga. In rana ta yi a fito da tabarmarsa inuwa a tsakar gida, nesa kaɗan da yara. Mai jinya ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki duk lokacin da zai shiga, majinyacin ma ya sa in zai iya jurewa, a ware masa kwanonsa da kofinsa da butarsa, a riƙa wanke hannu da sabulu. Mun san akwai iyalin da ɗaki guda ne gare su su bakwai. Su yi iya abin da za su iya: a raba shimfiɗa, a nisanta tsofaffi, masu lafiya su yini a waje. Sauran nauyin kuwa yana kan maƙwabcin da ke da shago ko ɗakin baƙi a kulle.

Mafi yawan masu wannan cuta hutu ne maganinsu, da yawan shan ruwa, da abinci mai sauƙi irin kunu da farfesu, da farasitamol don zazzaɓi, wanda babba ba zai wuce giram 4 a yini ba. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya ci gaba da shan abinsa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jaririnta nono, ta sa takunkumi. Tun da a ƙasarmu zazzaɓi fuska da yawa gare shi, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro tun farko, kada a zauna ana jinyar korona alhali sauro ne ya yi aikinsa. Abin da muke tsoro shi ne ledar magunguna daga kemis. A watan Maris na 2020, bayan shugaban Amurka na lokacin ya yabi kulorokwin, sai da aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce kima, daga baya kuma bincike ya nuna ba ya maganin korona. Shi ma deksametason, wanda binciken Jami'ar Okusfod ya nuna a watan Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa, amfaninsa ga waɗanda aka sa wa iskar oksijin ne a asibiti. Mai ciwo mara tsanani in ya sha a gida yana iya cutar da shi, kuma yana tayar da sukari. Kafso na antibayotik ba ya taɓa wannan ƙwayar cuta. Zuma da habbatus sauda a sha, albarkarsu sananniya ce, amma kada su zama dalilin ƙin zuwa asibiti. Ruƙiyya kuma ba ta bukatar a tara almajirai a ɗaki. Majinyaci ya karanta wa kansa a tafin hannunsa ya shafa, ko mai jinyarsa ya karanta masa. Masu sayar da laya da ruwan gora da sunan maganin annoba ba ma sai mun tsaya a kansu ba.

Babban aikin mai jinya shi ne sa ido. Wannan cuta tana da yaudara: sau da yawa mutum yakan ji sauƙi a kwanakin farko, sai a ƙarshen mako na farko ko cikin na biyu numfashi ya sarƙe. A riƙa ƙirga numfashinsa da agogo yana kwance. Babba mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20 a minti guda. In ya doshi 30, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara ruɗewa da yawan barcin da ba a iya tashinsa, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya launi, to zaman gida ya ƙare, ko da tsakar dare ne. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar oksijin a jini. Idan ta nuna 92 ko ƙasa da haka, a tafi asibiti nan take. Sai dai a sani cewa binciken da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya gano tana yawan nuna lamba sama da gaskiya ga baƙar fata. Don haka in na'ura ta ce lafiya lau, ido kuma yana ganin mutum yana haki, a bi ido. Tun ranar farko a san asibitin da za a je, da motar da za ta kai, da inda kuɗi zai fito. In an isa a gaya wa ma'aikata gaskiyar abin da ake zato, domin ɓoyewa cin amanarsu ne da na sauran marasa lafiyan da ke layi.

Ta fuskar ibada shari'a ta riga ta yalwata. Ya yi salla a zaune ko a kishingiɗe, ya yi taimama in ruwa zai cutar da shi, ya sha azumi ya rama daga baya. Jam'i da Juma'a sun faɗi a kansa. Idan har wanda ya ci ɗanyen tafarnuwa an umarce shi ya nisanci masallaci saboda wari kawai, yaya wanda zai tsaya a sahu yana fesa wa dattawa cuta? Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ita ce mai alamun cutar ya keɓe kwana 10 daga ranar da suka fara, sai in gwaji ya nuna ta rabu da shi kafin nan. Juma'a ɗaya ce ko biyu.

To, mu da aka ce kada mu shiga ɗaki, an sallame mu ke nan? Ko kusa. Keɓewa tana da ɗaci, kuma talaka in ya kwanta kwana 10 tukunyarsa ma ta kwanta. Dubiyarmu ta koma ƙofar gida. A yi sallama daga zaure, a ɗaga murya a yi masa addu'a ya ji. A buga masa waya bayan Magariba, lokacin da kaɗaici ya fi nauyi. A aiko da kwanon tuwo, a biya mai ruwa, a tsare masa rumfarsa a kasuwa, a karɓi mai jinya na 'yan sa'o'i ya samu ya runtsa. Kuɗin motar da mutum 20 za su kashe su zo su cika ɗaki ya isa ya sayi na'urar yatsan nan, a ajiye ta wurin kwamitin masallaci ana ara wa duk gidan da bukata ta taso, 'yan agajinmu kuma su koyi karanta ta da ƙirga numfashi. Bayan ya tashi ma kada a yi gaggawar tura shi gona ko kasuwa, domin wasu gajiya da haki sukan bi su makonni, wasu har watanni; in abin ya ƙi wucewa a mayar da shi ga likita.